Kwalba Biyu a Firjin Baba

Ranar Lahadi

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Kin ce za ki je a duba miki ita, kuma na san halinki, ba ki je ba. Mu nan sai godiyar Allah. Baba ma da sauƙi sosai, har yana fita ƙofar gida da sandarsa yana yi wa masu babur faɗan gudu.

Za ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya. Abin da ke raina ne ba ya faɗuwa a waya, domin ina farawa za ki kwashe da dariya, ni kuwa kina dariya zan kashe. Gara ki karanta, ki yi dariyarki can inda ba na ji.

Maganar 'yan tsami ce. Ƙananan kokwambar nan da Mama, Allah ya jiƙanta, take jiƙawa cikin ruwan khal da gishiri da tafarnuwa, waɗanda muke sata daga kwalba muna yara har haƙoranmu su mutu. Kin san tun da Baba ya tashi daga ciwon zuciyar nan abinci ya fita ransa. A dafa masa kaza, ya jujjuya ta da cokali ya ture. Amma a yanka masa 'yan tsami biyu a gefen shinkafa, ko a cusa su tsakiyar burodi da ƙwai, sai ki ga ya share kwano tas. To, ba na kowa yake ci ba. Na matar ɗan'uwanmu Direba kaɗai.

Ni fa, Yaya, shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da girki a makarantar 'yan mata. Ni nake tsayawa gaban allo in gaya wa yara cewa kokwamba kusan dukanta ruwa ce, ba ta sa ƙiba, kuma tsaminta yana buɗe wa mara lafiya ci. Na san awon khal, na san awon gishiri, na san minti nawa ake tafasa kwalba kafin a zuba, na san yadda murfi yake lotsawa ciki idan ya kama. Nawa sai su shekara a kan kanta ba su yi komai ba. Wata uku da suka wuce na kai wa Baba babbar kwalba guda, har da ɗaura mata ƙyalle a wuya don kyau. Ya karɓa ya sa albarka. Jiya na je na tarar da ita a bayan kwanuka, ko murfin ba a murɗa ba.

Ita kuwa ko cokalin awo ba ta da shi, da ido take zubawa. Kwalabenta 'yan mitsi-mitsi kamar na man shafawa, kullum a firji, ba sa wuce mako ɗaya ko biyu sai ta yi sabo. Wannan ai ba adana abinci ba ne, neman wahala ne. Amma Baba in ya ciza sai ki ji ƙaras har falo, ya lumshe ido ya ce hannun Mamanku ne sak. A gabana fa! Kuma yanzu ba ya kiranta da komai sai 'Yar Albarka. Ni Auta, ita 'Yar Albarka. Ke ma ki auna.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, shekarar da Mama ta kwanta ciwo ina can ina ƙarin karatu, ke kina gidanki, ita ce a gindinta. Ashe a lokacin ne Mama ta zaunar da ita ta koya mata. Ni da na fito daga cikinta ban samu ba, sai wadda aka auro. Na taɓa daurewa na tambaye ta, sai ta ce wai babu wani sirri, a dai yanke ɗan bakin da fure ya fito, a jiƙa su cikin ruwan ƙanƙara tukuna, wai in zo ranar Asabar mu yi tare. In zo ta koya mini? Ni? Na ce mata ina da takardun yara da zan duba.

Na ma yi mata maganar gishiri, tunda likita ya ce Baba ya rage. Ta yi wannan murmushin nata mai sanyi ta ce tana kula. Kuma abin haushi, duk awon da aka yi masa lafiya lau yake fitowa. Astagfirullah, kin ga inda na kai, har lafiyar ubana ta zama abin haushi.

Ni dai na tabbata ba ɗanɗano ba ne, son kai ne. Da za a rufe wa Baba ido a ba shi nawa, ba zai bambance ba. Kishi nake yi, Yaya, ba sai kin faɗa ba, na faɗa da bakina.

Ki gaishe mini da maigidan, ki shafa mini kan yaran. Ki je asibiti a duba ƙafar nan.

Ƙanwarki,
Auta

Ranar Alhamis

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kuna lafiya, kuma zazzaɓin ƙaramin ya sauka. Na samu amsarki. Wai in kama girmana, kokwamba ba ta isa ta raba gida ba. To, ki karanta wannan tukuna, sannan ki ga wa ke da gaskiya.

Ƙanwar matar Direba ta haihu, ta tafi taya ta zama na kwana goma sha biyu. Direba kuma yana kan hanya da motarsa kamar kullum. Saboda haka ni na dawo gidan ina kula da Baba, yau kwana shida. Kafin ta tafi ta manna takarda a ƙofar firji: wannan magani da safe, wancan bayan azahar, kada a ba shi soyayye. Kamar wata baƙuwa za a bar wa gidan. A ciki kuma ta jera 'yan kwalabenta biyu, kowace da kwanan wata a kan murfi, ta farko a cinye a makon farko, ta biyu a na gaba. Tana riƙe da jaka a bakin ƙofa ta fara yi mini bayanin yadda take haɗa na Baba. Na katse ta, na ce ta yi sauri kada mota ta tashi, ai uban nawa ne.

Ba ta gama fita layin ba na juye kwalaben nan biyu cikin kwano. Na ɗauko tawa daga bayan kwanuka, na goge ƙurar, na murɗe murfin, na cika nata da nawa, na mayar firji yadda suke.

Nata kuwa, tunda zubar da abinci ba kyau, na ce bari in ɗanɗana ɗaya in ji abin da ake ta zuzutawa. A tsaye na cinye su duka, Yaya. Ina ci ina jin haushi, ina jin haushi ina ƙara ɗauka. Ba zan ce miki komai a kansu ba, sai dai na lura gishirinsu bai ji ba, kuma wannan kuskure ne ga duk wanda ya san aikin.

Da rana na dafa wa Baba shinkafa da kifi, na yanka nawa siriri-siriri na jera a gefe, na koma bakin ƙofa na tsaya. Ya ɗauki ɗaya ya sa a baki. Ya ɗan tsaya da tauna, ya ɗago ya dube ni. Sai ya ce madalla, ya ci gaba da ci har ya share kwanon. Da ya gama ma cewa ya yi ko akwai ƙari. Akwai mana! Wallahi ji na yi kamar in yi guɗa a kicin.

Tun ranar nake ba shi huɗu da rana, huɗu da yamma, ba biyu-biyun da take yi masa rowa ba. Na daddatsa su cikin dafaffen dankali, na kwaɓa da ƙwai, har ruwan nasu nake ɗan yayyafa masa a kan kifi. Bai taɓa mayar da kwano da saura ba. Kwalaben suna raguwa ina ƙara cikawa daga babbar. Sai dai yana shan ruwa da yawa, amma ai zafi ake yi. Jiya kuma ya ce takalmin masallacinsa ya fara matse shi, na ce ƙiba ce, alamar yanzu ana ciyar da shi yadda ya kamata. Ya yi dariya.

Kin gani ko? Suna kawai yake ci. Yana ganin kwalbarta yake jin daɗi, alhali hannuna ne a ciki. Jira nake ta dawo, a zauna cin abinci, Baba ya fara yabon 'Yar Albarka, sai in tashi in ɗauko babbar kwalbata da ta kusa ƙarewa in dire a tsakiyar tebur. Ina so in ga inda murmushin nan zai shiga.

Kada ki kira ki tona ni. A gaida mutanen gida duka.

Taki,
Auta

Ranar Talata, daga asibiti

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Direba ya riga ya gaya miki muna asibiti, kuma ya gaya miki Baba ya farfaɗo, alhamdu lillahi. Abin da bai gaya miki ba, don bai sani ba, shi zan rubuta. A kan gwiwata nake rubutun, ki yi haƙuri da hannun.

Jiya da safe na kai masa shayi na same shi zaune a bakin gado, ya dafa gwiwa yana haki kamar wanda ya yi gudu. Ƙafafunsa sun kumbura suntum, na danna da yatsa wurin ya lotsa bai dawo ba. Maƙwabcinmu mai gyaran rediyo ne ya kawo mu a motarsa. Likita ya ce ruwa ne ya taru masa a ƙirji, zuciyar ta kasa janyewa. Ya tambaye ni ko an fasa ba shi magani, na ce a'a. Ya tambaya ko wani abu ya canza a abincinsa. Na ce babu.

Kafin la'asar matar Direba ta iso, da jakarta a hannu, ko gida ba ta biya ba. Likita ya sake tambaya a gabanta, har maganar 'yan tsami ta fito, ya ɗaure fuska. Sai ta yi masa bayanin da na hana ta yi mini a bakin ƙofa. Ashe na Baba daban take haɗawa. Kashi ɗaya cikin huɗu na gishirin take sawa, ta cike gurbin da khal da tafarnuwa da ɓawon lemun tsami. Shi ya sa ba sa zama a kan kanta, sai a firji. Shi ya sa kwalaben ƙanana, shi ya sa kwanan wata, shi ya sa biyu-biyu. Ta ce tun farko sai da ta kawo wa mai kula da abincin marasa lafiya ta gani ta amince.

Nawa kuwa, Yaya, don su shekara na yi su. Kin san gishirin da abin da zai shekara yake sha. Ni na sani, ni nake koyar da shi. Kwana goma ina ɗura wa mai ciwon zuciya takwas-takwas, har da ruwansu. Na ce a raina tunda nata ba su yi masa komai ba nawa ma ba za su yi ba, ban tsaya na tambayi kaina dalili ba.

Direba ya iso yau da safe, idonsa jajir don gajiya. Yana jin an ambaci tsami ya hau matarsa da faɗa a baranda, mutane na wucewa suna kallo. Wai ta kusa kashe masa uba da kwalabenta, wai sau nawa aka ce a rage gishiri, wai in Baba ya fita za su zauna su yi magana. Ina tsaye kusa da su riƙe da flas ɗin shayi, bakina ya ƙi buɗuwa.

Bayan nan ta je gida ɗauko wa Baba kayan sawa. Da ta dawo, ina ganin fuskarta na san ta buɗe firji ta ɗanɗana. Ta dube ni sau ɗaya. Na ce shi ke nan, yau asirina ya tonu. Sai ta miƙo mini abinci a kwano ta ce in ci, ta lura tun jiya ban sa komai a cikina ba. Ba ta ƙara ko kalma ba, mijinta na ta huci a gefe.

Kin san abin kunyar? Maimakon in gode mata, wani sabon kishi ne ya taso mini. Girki ta fi ni, yanzu haƙuri ma ta fi ni. Ina zaune ina kallonta tana gyara wa Baba matashi, shi kuma yana bin ta da ido, ni ina can ƙarshen gado kamar 'yar dubiya.

Ki yi mini addu'a in samu bakin magana. Ki gaida kowa.

Auta

Ranar Asabar

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da maigidan da yaran duka. Na gode da ba ki kira ba, na kuma gode da layi biyun da kika aiko, ko da yake sun yi zafi. An sallamo Baba shekaranjiya. Kumburin ya saɓe, numfashin ya daidaita, yana takawa har falo.

Na faɗa, Yaya. Ranar da muka dawo na sami Direba da matarsa a kicin, ya ɗauko 'yan kwalabenta zai watsa a shara. Na ce ya ajiye, ba su ne masu laifi ba. Na janyo babbar kwalbata na dire a gabansa, saura 'yan ƙwayoyi suna yawo a gindi, na gaya masa komai tun daga farko. Haka na yi niyyar dire ta dama, amma ba da wannan fuskar ba. Na zaci zai yi mini irin faɗan da ya yi mata, wallahi da ya fi mini sauƙi. Kallona kawai ya yi, ya ce kuma ke ce malamar. Sannan ya juya yana ba matarsa haƙuri, yana kame-kame, don bai saba ba.

Da ya fita na ce mata ta yafe mini, na kuma gode da ta rufa mini asiri. Karo na farko na ga ranta ya ɓaci a fili. Ta ce kada in gode mata, don ba saboda ni ta yi shiru ba. Ta ce ranar da ta ɗanɗana, da niyyar faɗa ta dawo asibiti, har ta shirya abin da za ta ce. Baba ne ya kama hannunta lokacin da ta sunkuya gaishe shi, ya roƙe ta kada ta ambaci sunan Auta. Ta ce ta haɗiye zagin da miji ya yi mata a gaban mutane, ba ta wanke kanta ba, saboda tsoho ya roƙa, amma ba ta ce ta manta ba, in ba ta lokaci.

Baba ya roƙe ta? To ta yaya ya sani?

Na shiga ɗakinsa na same shi yana jan carbi. Na durƙusa, kafin in gama haɗa magana ya ce in tashi, ya sani tun cizon farko. Ya ce nawa laushi ne da su, ga gishiri har ƙwaƙwalwa, ko yaro ba zai ruɗe ba. Ya ce babbar kwalbar nan ma ba ƙin ta ya yi ba. Ya san irin gishirin da ake sa wa na ajiya, shekara nawa yana ganin Mama tana yi, kuma ya rasa yadda zai gaya wa malamar girki cewa abinta bai dace da shi ba, sai ya ɓoye ta a bayan kwanuka.

Na ce to don me ya ci, don me har ya nemi ƙari. Ya ce ya ɗago ya gan ni a bakin ƙofa, na haɗa hannu a baya, ina kallon bakinsa kamar lokacin da nake kawo masa sakamakon jarrabawa ina ƙarama. Ya ce tun rasuwar Mama bai ga na yi farin ciki irin na ranar ba. Ya yi lissafin kwana goma sha biyu ne kawai, ya ɗauka jikinsa zai ɗauka. Wai ashe ya tsufa fiye da yadda yake zato, har yana dariya. Ni kuwa na kifa kaina a bakin gadon na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka fita da Mama.

Likita ya hana 'yan tsami gaba ɗaya yanzu. Ba nawa ba, ba nata ba, ko mai ƙarancin gishirin. Ya ce zuciyar ta ƙara rauni, ba za a sake gwadawa ba. Matar Direba ta wanke 'yan kwalabenta ta kife, ta zuba maɓallai da allurai a ciki. Abu ɗaya da ya rage wa Baba na ɗanɗanon hannun Mama, ni na raba shi da shi, don kawai in ji ya yabe ni.

Yau da rana ni na yi girki. Shinkafa da dafaffen kifi, ba gishiri, sai ɗan lemun tsami da na matsa. Na kai masa, ban tsaya a bakin ƙofa ba, na zauna. Ya dubi gefen kwanon inda aka saba jera masa su, ya ɗauki cokali. Ya yi loma huɗu, ina ƙirgawa, yana turawa da ruwa. Sai ya ɗago ya yi mini murmushi ya ce ya yi daɗi, Auta, Allah ya yi miki albarka.

Maganar da na yi shekaru ina son ji daga bakinsa ke nan, Yaya. Ga shi na ji. Sai dai yanzu na san muryar da yake yi idan yana lallashina, kuma da ita ya faɗa.

Ki zo idan kin samu dama, ko na kwana biyu ne. Wataƙila ke in kin dafa ya ci don yunwa, ba don tausayi ba. Ki gaida maigidan da yara. Allah ya bar zumunci, ya ƙara wa Baba lafiya.

Ƙanwarki mai neman addu'arki,
Auta